Ruwan Iklilul Jabal: Me Ke Cikin Kwalbar, Kuma Ina Iyakar Amfaninsa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Makon jiya bayan mun idar da La'asar, wani dattijo cikin mamu ya tsayar da ni a bakin masallaci, ya zaro wata 'yar kwalba mai feshi daga aljihu. Ya ce, "Liman, duba min wannan. 'Yata ce ta aiko a sayo mata. An ce maganin Musulunci ne, yana tsirar da gashi, yana goge ƙurajen fuska, har an ce in yaro ya shaƙa hadda tana zama." Na karɓa na jujjuya. An rubuta suna da Turanci, a ƙasa kuma da Larabci an sa ma'u iklilil jabal. Babu ranar da aka haɗa shi, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, babu ko sunan wanda ya yi. Na ce, "Baba, ba ni kwana biyu in bincika."

Wannan kwalba ba baƙuwa ba ce yanzu a yankinmu. Wanda ke bin kasuwanni daga Bebeji zuwa Kwanar Ɗangora, ya miƙe Tudun Wada har Doguwa, zai gan ta a teburin masu kayan gyaran jiki, kusa da ruwan wardi da man zaitun da habbatus sauda. 'Yan matanmu kuma a TikTok suka fara ganinta. Tunda kuɗi ake fitarwa, kuma a fatar mutane ake fesawa, har da ta jarirai, ya kamata mu san mene ne.

Iklilul jabal wani ɗan tsiro ne mai siraran ganye kamar allura, mai ƙamshi mai ƙarfi. Turawa suna ce masa rozmari, Misirawa kuma suna ce masa hasa luban. Ma'anar sunan Larabcin ita ce kambun dutse, domin a kan duwatsu da busassun tuddai na gaɓar Bahar Rum yake fitowa da kansa. Dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya ne. Ƙasashen da suka fi fitar da mansa su ne Maroko da Tunisiya da Sifaniya. Malaman magani na Andalus sun san shi sarai. Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248 Miladiyya, ya kawo shi a littafinsa Al-Jami'u li Mufradatil Adwiyati wal Agziya, wanda ya tara magunguna da abinci kusan 1,400. Wato tsiron ba ƙirƙirar 'yan kasuwa ba ne. Inda matsalar take shi ne abin da ake jingina masa.

To mene ne shi ruwan nasa, wanda masu sayarwa ke kira haidrosol?

Duk matar da ta taɓa dafa ganyen sirace ta riga ta ga abin da idonta. In kika ɗaga murfin tukunya, za ki ga ruwa ya taru a cikinsa yana ɗiga, fari tas, alhali na cikin tukunyar ya yi kore ko ja. Ki sansana wannan gumin murfin, za ki ji ƙamshin ganyen. Shi ke nan asalin abin. Tururi ne ya tashi ya ɗauko abin da ke iya tashi daga jikin ganyen, ya bugi wuri mai sanyi, ya koma ruwa. A masana'anta haka ake yi, sai dai da babbar tukunya da bututu mai ratsa ruwan sanyi. Abin da ya ɗigo sai ya rabu biyu: mai ya taso sama, a kwashe shi a sayar da tsada, domin kilo 100 na ganye da ƙyar yake ba da kilo 1 ko 2 na mai. Ruwan da ya rage a ƙasa shi ne haidrosol. Ɗan abin da ya narke a cikinsa na sinadarin ƙamshi kaɗan ne ƙwarai, galibi bai kai giram 1 a lita guda ba. Sauran duk ruwa ne.

Wannan sana'a Musulmi sun yi nisa a cikinta tun da daɗewa, kuma da Larabci ana ce mata taƙɗir. Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 Miladiyya, yana da littafi a kan haɗa turare da tatso shi ta tururi, mai ɗauke da haɗe-haɗe sama da 100. Ruwan wardi da muka sani ta wannan hanya ake yin na gaskiyarsa. Har gobe ana yin sa a Ɗa'ifa, kuma da shi ake gauraya Zamzam a wanke cikin Ka'aba. Mutanen Nabul a Tunisiya su ma duk shekara suna tatsar ruwan furen lemo a gidajensu. Saboda haka ruwan iklilul jabal ƙanin ruwan wardi ne, uwa ɗaya uba daban.

Yanzu ga inda nake so a natsu, don nan ne ake cin kuɗin mutane. Abu uku ne mabambanta ake zubawa a kwalba a kira su da suna ɗaya.

Akwai na tururin nan da na bayyana. Launinsa fari ne kamar ruwan sha, wani lokaci da ɗan hazo-hazo in sabo ne. Ƙamshinsa ba ya dukan hanci, yana da sanyi, kamar na ɗanyen ganye. In ka ɗiga shi a farar takarda ya bushe, ba ya barin tabo.

Akwai kuma dafaffen ruwa, wato a zuba ganye a tukunya a tafasa, a tace, a ɗura. Shi wannan za ka gan shi ja-ja kamar shayi. Ba ƙarya ba ne a ce ruwan iklilul jabal ne, amma shayi ne, kuma kowa ya san abin da ke faruwa da shayin da ya kwana uku a ɗaki lokacin bazara. Wanda ya dafa don kansa ya sa a firji ya yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki, babu laifi. Wanda ya ɗura a kwalba ya ajiye a rana a kan tebur wata biyu yana sayarwa, ƙwayoyin cuta yake sayar wa mutane su fesa a fuska.

Na ukun shi ne ruwa zalla da aka ɗiga wa mai, ko ma turaren kanti mai kama da ƙamshin. Mai ba ya narkewa a ruwa, don haka ko dai ka ga maiƙo yana yawo a sama, ko kuma an sa wani sinadari mai haɗa su, wanda in ka girgiza kwalbar sai kumfa ya taso ya ƙi kwanciya. Haɗarin wannan shi ne feshi ɗaya zai fito ruwa, na gaba ya fito da tsantsar mai, ya ƙone fata ko ya shiga ido.

Kwalbar da Baba ya miƙo min, da na girgiza, kumfa ya cika ta har wuya, kuma ƙamshinta tun daga nesa ake ji. Kun ga ajin da ta faɗa.

Akwai wani bambanci da ko masu sayar da na gaskiyar ba su cika faɗa ba. Sinadaran iklilul jabal kashi biyu ne. Wasu suna tashi da tururi, kamar siniyol, wanda shi ne ƙamshin nan da kuke ji a ganyen bishiyar turare, da kafur, da wani da ake kira babinon. Wasu kuma ba sa tashi ko kaɗan, kamar rozmarinik asid da kanosik asid, kuma su ne akasarin rubuce-rubucen da ake yi na yabon tsiron suke magana a kansu. Waɗannan a cikin tukunya suke zama. Saboda haka in mai talla ya karanto maka amfanin rozmarinik asid sannan ya miƙo maka ruwan tururi, ya yi maka tallan doki ne ya ba ka sirdi.

To me na gaskiyar yake yi wa fata? Abu kaɗan, amma mai daɗi. Yana sanyaya fuska lokacin zafi. Mai fata mai maiƙo in ya wanke fuska ya fesa ko ya goga da auduga, zai ji ta yi wasai na ɗan lokaci. Maza bayan aski, yana rage zugin reza. Ana kwaɓa lalle ko dilka da shi maimakon ruwa saboda ƙamshi. Ana fesa shi a fatar kai tsakanin kitso don rage wari da ɗan ƙaiƙayin zufa. Da hunturu kuwa a kula: ruwa ne, in ya bushe sai ya bar fata ta fi da bushewa, sai an bi shi da man kaɗe ko wani mai tun fatar tana da danshi. Iyakarsa ke nan. Ba ya kashe makero a kan yaro, ba ya warkar da kyasbi, ba ya gyara fatar da man bilicin ya cinye. Waɗannan na asibiti ne, kuma makero musamman sau da yawa sai an haɗa da maganin sha na makonni. Duk ranar da aka ɓata ana fesa ruwan ƙamshi, cutar tana yaɗuwa ne zuwa kan sauran yaran gida.

Batun gashi shi ne ya fi jan mata, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Duk surutun da ake yi ya samo asali ne daga wani bincike da aka buga a 2015, wanda likitoci suka yi a Iran. Sun ɗauki maza 100 masu sanƙo irin na gado, suka raba su biyu. Rabi suna shafa man iklilul jabal, rabi suna shafa maganin asibiti da ake kira minoxidil mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Bayan wata 3 babu wani canji a kowane ɓangare. Bayan wata 6 aka ga ƙarin gashi a duka biyun, kusan daidai, kuma masu maganin asibitin sun fi kukan ƙaiƙayi. Labari ne mai daɗi, amma ku lura da abin da ke cikinsa. Mai aka gwada, ba ruwan tururi ba, kuma mun ga tazarar da ke tsakaninsu. Maza aka gwada, masu nau'i ɗaya na zubewar gashi. Mutum 100 ne kacal, kuma babu rukuni na uku da ba a ba komai ba balle a san abin da zai faru in an ƙyale kan.

Mu kuwa a nan, me ke cinye gashin matanmu? Mafi yawa kitso ne mai tsauri da ake ja har jijiyar goshi ta miƙe, da ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi da ake bari ya daɗe a kai. Sai zubewar da ke zuwa wa mai jego wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, wadda galibi da kanta take tsayawa. Sai ƙarancin jini. 'Yar'uwa, in gaban goshinki ne ya fara komawa baya, sassauta kitson ya fi miki kwalba goma. Kuma a yi da wuri, domin in tushen gashi ya mutu ya zama tabo, babu ruwan da zai dawo da shi. Mai jegon da ta fesa wata uku ta ga gashi ya dawo za ta rantse ruwan ne, alhali lokacinsa ne ya yi.

Sai maganar ƙamshi da hadda. Jinya da ƙamshi ba sabon abu ba ne wurin Bahaushe: sirace da turaren wuta da kajiji da jema duk mun gada. Game da iklilul jabal, an yi wani ɗan gwaji a Jami'ar Northumbria da ke Ingila, aka buga a 2012. Mutum 20 aka zaunar a ɗakin da aka baɗe da ƙamshin mansa, aka ba su lissafi, aka auna jininsu. Aka ga waɗanda siniyol ya fi yawa a jininsu sun ɗan fi sauri da daidaito. Mutum 20, manya, cikin 'yan mintuna, kuma nan ma mai ne. Abin da za a iya ɗauka a nan shi ne ƙamshin yana wartsakar da mai jin kasala, kamar yadda wanke fuska da ruwan sanyi yake yi. Ɗalibin da ya fesa a ɗakinsa kafin tilawar asuba don ya kori gyangyaɗi, madalla. Amma wanda bai yi muraja'a ba, ko a randar ruwan aka tsoma shi, allonsa ba zai zauna ba.

A kiyaye waɗannan. Kada a fesa wa jariri, musamman a fuska ko kusa da hanci, domin kafur da siniyol suna iya takura numfashin ƙaramin yaro. Mai farfaɗiya ya nisanci man, saboda kafur yana iya tayar da ita, kuma tunda ba ka da tabbacin abin da ke cikin kwalbar kasuwa, ya nisanci ruwan ma. Mai ciki ta bar shan sa da sunan magani, ɗan abin da ake sawa a girki ba shi ake nufi ba. Mai asma ya yi hankali da duk wani feshi. Kafin a sa a fuska, a gwada kaɗan a cikin hannu a jira kwana ɗaya. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari. Kada a sa a ido ko a buɗaɗɗen ciwo. Shi kansa na gaskiyar yana lalacewa: wuri mai sanyi da duhu yake so, kuma da zarar ka ga wani abu kamar zare-zare yana yawo a ciki, ko warin ya juya ya yi tsami, zubar da shi.

Yanzu ga abin da ya sa Baba ya kawo wa liman kwalbar bai kai wa likita ba: kalmar nan ta "maganin Musulunci". Babu wani ingantaccen hadisi da ya ambaci iklilul jabal a matsayin magani. Zuma ta zo, habbatus sauda ta zo, ƙaho ya zo. Shi bai zo ba. Na ji wani yana kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya hana mayar da kyautar raihan, wai raihan shi ne wannan tsiro. Malamai sun fassara raihan da duk tsiro mai daɗin ƙamshi. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya bayyana cewa mutanen Magrib suna kiran wani tsiro mai suna as da wannan suna, mutanen Iraƙi da Sham kuma habaƙ suke nufi, wanda shi ne dangin ɗoɗɗoyarmu. Sannan hadisin maganar karɓar kyauta yake yi, bai yi maganar gashi ko ƙuraje ba. Kasancewar abu an rubuta sunansa da Larabci, ko daga Masar aka ɗauko shi, bai mayar da shi Sunna ba. Ɗan'uwa mai sayarwa, halal ne ka sayar da ruwan ƙamshi a matsayin ruwan ƙamshi, ka ci ribarka. Amma ka jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba don kaya su tafi, wannan ya fi algus ɗin kwalbar muni nesa ba kusa ba.

Wasu sun tambaye ni hukunce-hukuncen amfani da shi, ga su a taƙaice. Shi mai tsarki ne a kan kansa, in ya taɓa jiki ko tufafi ana salla da shi, kuma fesa shi ba ya karya alwala. Ba ya yin rufi a kan fata, don haka ba ya hana ruwan alwala isa gare ta. Amma ba a alwala ko wankan ibada da shi, domin ya fita daga sunan ruwa zalla. Duk wanda ya karanta babin ruwa a Ishmawi ya san wannan ƙa'ida, kuma ruwan wardi shi ne misalin da malaman fiƙihu suka saba bugawa, har Ibnul Munzir ya hakaito haɗuwar malaman da ya sani a kan rashin ingancin alwala da shi. Mai azumi ya fesa a fuska ko a kai, azuminsa yana nan. Inda Malikiyya suka tsaurara shi ne a shaƙi hayaƙin turaren wuta ko tururin tukunya da gangan har ya kai maƙogwaro, nan sun ce a rama. Saboda haka a bar sirace sai bayan shan ruwa. Mai harami da mai takaba su ajiye shi har su gama, tunda ƙamshi ne, fita daga saɓani ya fi. Na gaskiyar ba shi da giya a cikinsa, sai dai wasu kamfanoni suna ƙara alkohol don kada ya lalace, kuma suna rubutawa a jiki. Malamai sun yi saɓani kan alkohol na turare, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya nemi marar shi.

Wanda yake so ya huta da zargi, zai iya yin nasa a gida, kuma ba sai da iklilul jabal ba. Na'ana'a ko ɗoɗɗoya ma suna yi. A sami tukunya mai zurfi mai tsabta, a kifa wani ɗan kwano a tsakiya, a ɗora wani kwanon a kansa yana kallon sama. A zuba wankakken ganye kewaye, a sa ruwa daidai yadda zai rufe ganyen ba tare da ya kai kwanon sama ba. A rufe da murfi a birkice, yadda hannun murfin zai kalli ƙasa, a zuba ƙanƙara ko ruwan randa a bayansa, ana canzawa in ya ɗumama. Wuta kaɗan-kaɗan, kamar rabin awa zuwa awa guda. Tururin zai bugi murfi mai sanyi ya gangaro ya ɗiga a kwanon sama. A juye a kwalbar da aka tafasa ta bushe, a rubuta kwanan wata a jiki. A yi kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, musamman mu da wuta ba ta zama balle a dogara da firji.

Shi kansa tsiron ana samun sa wurin masu lambu a Jos, kuma reshe ake yanka a dasa. Rana yake so da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya. Abin da ke kashe shi shi ne jiƙewar saiwa, don haka fadamun shinkafar Tudun Wada ko bakin ruwan Tiga ba wurinsa ba ne. Mutanen Doguwa da Riruwai suna da tudu da ɗan sanyin da zai so, amma damina tana da ƙarfi a can, sai a sa shi a tukunyar ƙasa mai huji a ƙasa, a janye shi ƙarƙashin rumfa in ruwa ya yi yawa a watan Agusta.

Shekaranjiya na mayar wa Baba kwalbarsa na yi masa wannan bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ita da jaririn take ta fesa wa saboda ƙurajen zafi." Na ce a daina yau ɗin nan, a rage masa kaya, a riƙa yi masa wanka da ruwa zalla, in ƙurajen sun yi ruwa ko zazzaɓi ya biyo a kai shi asibiti. Ya ce ita kuma fa, gashin nata? Na tambaye shi watan yaron nawa. Ya ce huɗu. Na ce, "Baba, a ce mata ta sassauta kitso, ta je a duba jininta, ta ba shi wata shida."

Wallahu a'alam.